Yadda Muka Ƙona Dutse da Abincin Jaki

A shekara ta biyu ta fari na dawo gida daga kwalejin horon malamai, da takardar shaida, da wando mai karin guga, da wani littafin labarin ƙasa da nake ji da shi kamar ni na rubuta. Aka ba ni aji shida a firamaren ƙauyenmu, can arewa da Kano, inda gona ke manne da gona har ba ka da wurin ɗaure akuya sai a gonar wani. Shekarata ashirin da biyu. Mutanen da suka san ni ina yawo ba wando suka koma ce mini Malam, ni kuma na ɗauka da gaske suke.

Rijiyoyin garin uku ne, duk sun ƙafe kafin bazara ta shiga sosai. Ruwa sai a wani busasshen rafi, inda ake tona yashi a zauna da ƙoƙo ana jiran ya tsattsafo. In ka fita bayan sallar asuba, ba ka dawowa sai rana ta take. Gidan da ke da jaki yana shan ruwa, gidan da ba shi da shi kuwa matan gidan ne jakunan. Mu muna da ɗaya, tsoho, mai yagaggen kunne da taurin kai, yana ɗaukar garwa huɗu. Da garwa huɗun nan muke sha, mu yi tuwo in akwai na yi, mu yi alwala. Inna ta haura hamsin a lokacin, kuma albarkacin jakin nan ne ba ta ɗora tulu a ka.

Abincin jakin karan dawa ne. Damina ta ƙi, dawa ta yi kara ba ta fitar da kai ba, sai Baba ya sare ta tun da sauran ɗanyen ganye, ya ɗaure dami-dami ya jibge a kan rumfa. Ya auna da ido ya ce zai kai jakin har ciyawa ta fito, in an yi hankali. An kuwa yi hankali. Inna da kashin shanu take girki, ga kara a saman kanta, ba ta taɓa zarar ko ɗaya ba.

Baba mahaƙin rijiya ne tun kafin a haife ni. Bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma in yana ba ka labarin cikin ƙasa sai ka rantse a can yake kwana. Daga sama yashi ne, in ji shi, sai jar ƙasa, sai marmara, wadda in tana ƙasa diga ke yankarta salin-alin, in ta fito ta sha iska kuma sai ta ƙeƙashe ta lanƙwasa maka bakin digar. Ƙarƙashinta akwai abin da yake kira ruɓaɓɓen dutse. Kamarsa ta dutse ce, da ɗigo-ɗigon fari da baƙi da ɗan ƙyalƙyali, amma in ka matse shi a hannu sai ya marmashe. Nan ruwa yake zama. In ka wuce shi, ko ka yi rashin sa'a babu shi, sai ka tarar da ɗanyen dutse, wanda yake kira uwa, wanda bai fara ruɓa ba. Yakan ce duk abu ɗaya ne, wani ya riga wani tsufa ne kawai, kuma yashin da muke shuka gero a kai ma dutse ne da ya gama ruɓewa.

Abin ya riƙa ba ni haushi, don kusan abin da ke cikin littafina ke nan, shi kuwa bai zauna a benci ko na yini ɗaya ba. A littafin an zana da'ira da kibau. Dutse yana narke a can cikin ƙasa kamar dalma, ya taso, ya huce, ya daskare. Rana ta gasa shi, sanyi ya kama shi, ruwa ya shiga tsagarsa, ya farfashe ya zama tsakuwa da yashi da laka. Ruwa ya kwashe ya jibge a kwari, wani ya hau kan wani, nauyi ya danne su har su sake haɗewa su zama dutse mai hawa-hawa. In wannan ya nutse can ƙasa, zafi da matsi su sauya masa kama, in zafin ya yi yawa ya sake narkewa, a koma farko. Duk wannan a shafi ɗaya. Kibiyar da ta tashi daga dutse ta sauka a kan yashi ba ta fi gaɓar yatsa tsawo ba. Na haddace shi tsaf, na ci jarrabawa da shi, na kuma zana wa 'yan aji shida a allo da alli mai launi, su da rabonsu da wanka an kwana biyu.

Akwai wani Alhaji a garin, wanda ya yi kuɗi da sayen gyaɗa kafin gyaɗar ta mutu. Ya gina masallaci a jikin gidansa a kan tudu, kuma ya daɗe yana neman abin da zai ƙara a kai. Da fari ya tsananta sai ya tara mutane ya ce zai haƙa wa gari rijiya saboda Allah, ga siminti ya sayo daga birni. Aka yi ta sa albarka. Mai unguwa ya ce a kira Baba.

Baba ya ce a haƙa a kwari, bayan gari, gefen kududdufi. Ya ce can dutsen ya ruɓe da zurfi, don yana saurayi ya taɓa sauka wata tsohuwar rijiya a wurin kafin ta rufta. Yashin sama ne ke da zubewa, amma tunda ga siminti sai a ɗaure shi. Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Kowa ya san abin da ke bayan gari, nan ake zuba shara, nan ake zagayawa. Wa zai ga rijiya a can ya tuna da wanda ya haƙa? Liman ya yi gyaran murya ya ce ruwan ƙofar masallaci ya fi lada, ga sauƙin alwala. Mai unguwa, wanda ra'ayinsa ba ya zuwa sai ya dubi fuskar Alhaji, ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan.

"Alhaji, tudun nan dutse ne," in ji Baba. "A dubi bayan gidanka, ga falalen nan ya leƙo inda mata ke shanya."

"Ai ba a bayan gida za a haƙa ba, a gaba ne," in ji Alhaji.

Aka yi dariya, wai ya ba da amsa.

Baba ya karɓi aikin, don in bai karɓa ba wani za a kirawo daga wani gari, a kuma haƙa a wurin. Kafin ramin ya kai gaba biyu Alhaji ya sa magina suka zagaye bakinsa da siminti. Aka yi dakali mai faɗi, da komin shayar da dabbobi, da wurin zaman masu alwala, aka shafe sumul. Har daga ƙauyukan kusa ana zuwa kallo. Rijiya ce mai kyau ƙwarai, ruwa ne kawai babu. Simintin da aka sayo duk a nan ya ƙare.

A gaba huɗu da 'yan kai diga ta yi ƙara. Ina makaranta, amma an ce har zauren Alhaji aka ji. Baba ya fito ya ce an gama. Ruɓaɓɓen bai fi kamu ɗaya ba, kuma a bushe yake, ƙarƙashinsa uwar ce.

Bayan la'asar aka taru a kan dakalin. Mahaƙa suna da wata dabara ta dā. In suka ci karo da curin dutse a tsakiyar rami, sai su cika ramin da kara da itace su cinna wuta, in dutsen ya yi ja su kwara masa ruwa, ya tsage, a fitar da shi gunduwa-gunduwa a ci gaba da haƙa. Baba ya yi haka ba sau ɗaya ba. Mai unguwa ya tuna masa.

"Wancan curi ne, yana zaune cikin ruɓaɓɓe, yana da gefe, yana da gindi," in ji Baba. "In ka buga masa dagi, amonsa a toshe yake. Wannan na buga shi gabas da yamma, kudu da arewa, amo ɗaya yake ba ni, har cikin haƙorina. Ba shi da ƙarshe. Wuta fata kawai za ta ɓare masa."

Da an tashi a nan. Na ga ma Alhaji ya fara laluben takalminsa. Sai ni, da ba wanda ya tambaye ni, na yi gyaran murya.

Na ce a gafarce ni, amma ilimin zamani ya bincika wannan. Na ce babu dutsen da ke dawwama, kowane iri ne yana sauyawa, kuma abin da ke mai da ɗanyen dutse ruɓaɓɓe zafi ne da sanyi da ruwa. Na tsuguna na share ƙasa, na zana musu da'irar da tsinke, kibiya bayan kibiya. Na jefa sunaye uku na Turanci don su ji nauyin maganar. Na ce abin da rana da damina ke yi a hankali, wuta da ruwa za su yi shi da sauri, mu ruɓar da dutsen da kanmu, in ya ruɓe kuwa ai Baba da bakinsa ya ce nan ruwa yake zama. Har yau in na tuna yadda na ɗauki maganar mahaifina na soke shi da ita, kunya nake ji kamar jiya aka yi.

Ba su fahimci ko kibiya ɗaya ba, amma sun fahimci cewa ba sai an koma bayan gari ba. Liman ya ce a dubi hikimar Ubangiji. Alhaji ya saki takalmin. Mai unguwa ya juya wajen Baba ya ce, "To, ka ji ɗanka. Kai ka kai shi makarantar."

Baba ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya nuna kibiyar da ke tsakanin dutse da yashi da babban yatsan ƙafarsa.

"Malam," ya ce, kuma ranar ce ya fara kirana haka, "daga nan zuwa nan, kwana nawa ne?"

Littafin ya faɗa. Yana nan a ƙasan shafin da ƙananan baƙaƙe, shekaru dubbai kan dubbai, adadin da ban ma san yadda ake faɗarsa da Hausa ba. Na sani sarai. Amma ga jama'a sun zuba mini ido, ga wando mai karin guga. Na ce, "Ya danganta da ƙarfin zafin, Baba."

Ya janye ƙafarsa daga kan zanen. Mutum ne da ba zai ƙaryata ɗansa a gaban jama'a ba, na kuma san haka, da shi na dogara.

Saura abin ƙonawa. Itace babu, an riga an sassare rassan gawo an ba dabbobi. Aka ce kowane gida ya kawo kara, nan kuwa aka ga halin mutane. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen sa albarka ya kawo dami ɗaya wanda gara ta gama da shi. Wani ya aiko da saƙon cewa yana zazzaɓi, kamar kara da ƙafa ake rakiyarsa. Alhaji ya ce shi ya riga ya yi nasa da siminti. Mai unguwa ya ce ai gidan masu shawara ya kamata ya fara, kuma duk gari an san rumfar da ta fi kowace tudu. Ya ƙara da cewa kwana uku ne a samu ruwa a ƙofar masallaci, daga nan jaki hutawa zai yi, me zai yi da kara mai yawa. Sai ka ce jakin da ya huta ba ya cin abinci. Ni kuwa ban ga aibun maganar ba. Da kaina na hau rumfar ina miƙowa.

Inna tana tsaye a bakin madafi. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana, haka al'adar take. Ta dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Sai ta juya ta fuskanci bango ta ce, "A bar wa jakin na kwana biyu dai." Na bar dami shida, ina jin na yi adalci.

An ƙona dutsen sau huɗu. Kowace ƙona kwana uku take ci. Akwai ranar wuta, akwai ranar jiran hayaƙi ya fita, don sai an zura fitila a guga an ga ba ta mutu ba kafin mutum ya sauka, sannan ranar fasa. Ruwan kwarawa kuma daga rafin nan za a kawo shi. Garin da yara ke kuka da ƙishi shi ne ya tara ruwa garwa-garwa yana juyewa a rami a kan dutse, ana kabbara in tururi ya tashi. Jakinmu ne ke kai da kawowa, sawu biyu a yini maimakon ɗaya, a kan rabin abincinsa. Ranar fasa Baba zai sauka da guduma, zafin dutsen yana ratsa takalmin tayarsa. Abin da ke fitowa a guga ɓawo ne fale-fale kamar ƙanzon tukunya. Ni ina bakin dakali ina karɓa, ina murzawa, ina nuna wa dattawa cewa ga shi ya fara marmashewa. Su kuma suna kaɗa kai irin na waɗanda suka daɗe da sani.

Bayan ƙona ta huɗu Baba ya fito ya auna a jikin dagi a gaban kowa. Kwana goma sha biyu, da karan rabin gari, da ruwan da zai shayar da unguwa guda, dutsen ya ragu da taƙi ɗaya, ko ma bai kai ba. Ƙarƙashin ɓawon sabo ne fil, yana ƙyalli. Baba ya miƙa mini wani guntu da ya ɓalle daga gefe, mai girman dunƙulen hannu biyu, da sauran ɗuminsa.

"Riƙe," ya ce. "Ko da ya ruɓe ma, wa zai zuba masa ruwan? Ruɓaɓɓe ba ya haifar ruwa, na sama yake ajiyewa. Tudu kuwa ba ya ajiya."

A hankali ya faɗa, ni kaɗai na ji.

Washegari aka nemi wanda ya taɓa goyon bayan wuta aka rasa. Liman ya ce dama komai sai Allah ya nufa. Mai unguwa ya ce shi tun farko hankalinsa bai kwanta ba, yaran zamani ne da kafiya. Alhaji ya sa aka rufe bakin ramin da kwanon rufi don kada akuya ta faɗa, ya kuma sami sabon wurin hira da yamma, don dakalin yana da daɗin zama. Babu wanda ya ce a mayar mana da kara ɗaya. Kwari kuwa ba ya haƙuwa ba siminti. Baba ya gwada shi da mutum biyu, yashi ya zubo musu tun a gaba ɗaya da rabi, suka fito da ƙyar.

Dami shida suka ƙare. Na ɗauki albashina na tafi kasuwar Kunci neman kara ko dusa, abin da na samo bai kai mako ba, don dusar mutane ke ci a lokacin. Jakin ya ci zanar bayan gida, ya ci tsumma, ya ci takardun 'yan aji da na bari a kan tabarma. Baba ya rage masa garwa zuwa biyu, shi ya ɗauki ɗaya a kafaɗa. Wata ranar Laraba jakin ya durƙusa a hanyar dawowa daga rafi, garwa biyun suka kife, yashi ya shanye ruwan. Baba ya zauna kusa da shi har ya daina numfashi, sannan ya kwance igiyar ya taho da ita. Ruwan farko ya sauka bayan kamar kwana ashirin. Karan da na sauke da hannuna da ya kai shi, har da saura.

Da asubar washegarin mutuwar jakin na ji motsi a tsakar gida. Inna ce ke naɗa gammo. Na fito na ce ta bari, ni zan je. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa tulun, "Masu makaranta su tafi makarantarsu." Na sami Baba na ce zan ajiye aikin in riƙa zuwa rafi, ya ce albashin nan shi ne hatsin gidan, kada in ƙara wauta a kan wauta. Shi kansa bai daɗe ba ya tafi wani gari inda aka kira shi haƙa, ana biyansa da gero. Ni nakan je Asabar da Lahadi, in shiga layin mata da wandona, suna yi mini sannu da wata murya da na fi son zagi a kanta. Sauran kwana biyar ɗin na Inna ne.

Ruwan sama ba ya cika rijiya ranar da ya sauka, balle irin na shekarar nan. Sai ƙarshen damina rijiyoyin garin suka fara tara abin guga. Duk tsawon lokacin nan Inna tana kan hanyar rafi da tulu a ka. Wuyanta bai sake miƙewa daidai ba. In za ta dube ka sai ta juyo da jikinta duka, haka ta yi sauran shekarunta, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ga dalili ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Bayan shekara biyu aka sami siminti aka haƙa a kwari, inda Baba ya nuna. A gaba tara aka shiga ruɓaɓɓen dutse, ruwa ya taso, har yau ana sha. Ba ta da suna, rijiyar bayan gari ake ce mata. Ta ƙofar masallaci kuwa tana nan a rufe da kwanonta, ba ta taɓa jiƙa guga ba, kuma in baƙo ya tambayi hanya ce masa ake ya bi ta rijiyar Alhaji.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da da'irar nan. Ina zana ta yadda take, don gaskiya ce, dutse yana ruɓa ya zama yashi, yashi ya koma dutse. Sai dai in na zo kan kibiyar nan nakan tsaya in rubuta yawan shekarun da manyan baƙaƙe, yara suna mamakin abin da ya sa Malam ke ɗaure fuska a kan lamba. Guntun da Baba ya miƙa mini ranar, Inna ce ta tsince shi inda na jefar, ta mai da shi abin tokare ƙofar ɗakinta. Rana ta gasa shi, damina ta dake shi, shekara da shekaru. Mun binne Baba, mun binne Inna, ƙofar ma an sake ta sau biyu. Kwanan baya na ɗauke shi na murza da babban yatsa iya ƙarfina, ko ƙwayar yashi ɗaya bai ba ni ba.